Tafintan Surukina a Khartum

Mun sauka Khartum da hantsi, ni da surukina, a shekarun da ba a raba Sudan biyu ba tukuna. Shi yana kan keken marasa lafiya na filin jirgi, jakarmu a kan cinyarsa, ni ina tura shi, hotunan asibitin Kano a hammatata. Ba zan rubuta sunansa ba. Mahaifin matata ne, kuma tun ranar da na fara shiga zaurensa neman aure ban taɓa furta sunan ba. A Haɗeja Baba Ladan ake ce masa, domin tun ina yaro shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu.

Ni ɗan kasuwa ne. Riɗi nake saye, da zoɓo, da ƙaro idan lokacinsa ya zo. Da ɗaukar buhu na fara, na koma dillanci, daga baya na samu rumfar kaina. Larabcina a bakin iyakar Cadi na tsinto shi, Larabcin ciniki da rantsuwa, amma yana kai ni inda nake so. Shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya soja ne ba a ba shi hutu ba, ɗayan bai taɓa wuce Kano ba.

Ciwon ya fi shekara yana cinsa a hankali. Da farko nauyin ƙafa ne, daga baya tafin ƙafar ya daina jin ƙasa, ya ce kamar yana taka auduga. Tafiyar da yake yi daga gida zuwa masallaci sai da ta koma zango biyu. A Kano an ɗauki hoton bayansa, aka ce lakar da ke cikin ƙashin baya ta kumbura daga tsakiya zuwa ƙasa, amma ba wanda ya ce ga dalili. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, an yi ƙaho. Da muka zo Khartum yana iya tashi daga gado ya dafa bango ya kai kansa bayan gida. Wannan shi ne jarin da muka zo da shi.

Mun kama ɗaki a wata lokanda, wato masaukin baƙi, kusa da babbar kasuwar cikin gari. Ɗaki ɗaya, gado biyu, fanka ɗaya mai ƙara. Duk wanda ya san surukuta ya san abin da ke cikin wannan. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, wanda idan zai yi mini magana a gida sai ya aiko, yau ga gadona ga nasa. Sai muka tsara zamanmu ba tare da mun yi shawara ba. Idan an kawo abinci na ajiye masa na fita baranda. Idan zai yi magana ya kalli bango ya ce, “A buɗe taga,” ni kuma na buɗe. Ni ne “a” ɗin.

Washegari wani mutum ya same ni a ƙofar lokanda, farar jallabiyya, rawani kamar an ɗora masa ƙullin wanki, yana ƙamshin turare. Ya ce sunansa Azhari, ya ce duk 'yan Najeriya da ke zuwa jinya ta hannunsa suke bi. Kafin ya rufe baki na gane dillali ne. Na yi wannan aikin, na san yadda mutum ke riƙe hannunka ya ƙi saki har sai ya ji nauyin aljihunka. Sai dai ni riɗi na sani. Ka ba ni tafi ɗaya in gaya maka gonar da ya fito da yawan yashin da aka zuba masa. Likita kuwa ban san yadda ake gane mai kyau ba. Na bi shi.

Ya kai mu wani asibitin kuɗi a saman bene, mai sanyi da kujerun fata. Likitan matashi ne, ba shi da wulaƙanci, amma yana sauri. Ya ɗaga hotunan Kano ya duba, ya buga gwiwoyin Baba da 'yar guduma, sannan ya fara tambayoyi, ina fassarawa. Yaushe ya fara. Ina ke ciwo. Ko ya taɓa faɗuwa. Sai ya ce da Larabci, kansa a sunkuye yana rubutu:

“Tambaye shi fitsari. Yana riƙewa ko yana kufce masa? Bayan gida fa? Yana iya kusantar iyalinsa?”

Na fahimci kowace kalma. Iyalin da ake magana uwar matata ce. Na juya wajen Baba, na kalli ƙasa, na ce:

“Baba, wai yana tambaya ko cikinka lafiya.”

Ya kalli bango ya ce, “Lafiya lau, alhamdulillahi.”

Na ce wa likita, “Ya ce komai daidai.”

Haka aka rubuta. Likitan ya ce kumburin laka ne irin wanda jiki ke tayar wa kansa, akwai magani mai ƙarfi da ake sawa a ƙarin ruwa, yana sauke kumburi. Aka kwantar da shi 'yan kwanaki ana ɗura masa. Tun ba a gama ba ƙafafun suka mutu gaba ɗaya. Mutumin da ya hau benen nan yana dafa kafaɗar ma'aikaci, da mayafi aka sauko da shi, mutum huɗu na riƙe da kusurwa. Likitan ya ce wani lokaci sai ciwo ya tsananta kafin ya sauka. Azhari kuwa tun ranar da ya karɓi rabonsa ban sake ganin rawaninsa ba.

Komawarmu lokanda ita ce mafi wuyar zangon tafiyar. Ba ya iya kai kansa bayan gida, kuma ba zai yarda in ɗauke shi ba. Na yi magana da wani dattijo mai shara a lokandar, yana shigowa safe da yamma ya taimaka masa, ni ina baranda. Tsakanin safe da yamma kuwa sai Baba ya nemo tasa dabarar, ya daina sha. Ruwa sai ya jiƙa leɓe, shayi ko kallo. A garin da idan ka taɓa ƙarfen ƙofa da azahar sai ka cire hannu. Leɓensa ya tsage. Wata safiya ya kalli bango ya ce:

“A mai da ni gida. Ƙasar can ma tana karɓar mutum.”

Na ce, “To, Baba.” Ban nemi tikiti ba. Wanda ya taɓa dawo da mota cike da kaya daga kasuwa ba a saya ba ya san ba a yanke irin wannan shawara a ranar da rai ya ɓaci.

Na hau bas na ƙetara gada zuwa Umdurman, wai zan ga farashin zoɓo, wanda su ke kira karkade. Gaskiyar magana ɗakin nake gudu. Na yi ta yawo a rumfunan kayan yaji da na fata, ina damƙar zoɓon ina shinshinawa, ba na ma jin abin da ake gaya mini. Can sai hancina ya kama ƙamshin ƙuli da barkono a kan wuta. Tsire ne, sak irin namu, a can agashe suke ce masa. Mai gasawa yana yi wa wani faɗa da Hausa, yana cusa Larabci a tsakiya kamar ana cusa tsakuwa a buhu. Na tsaya na yi sallama. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce:

“Kai wannan Hausar taka sabuwa ce fil, ko ledarta ba a cire ba. Daga Najeriya?”

Na ba shi labari a taƙaice. Ya naɗe mini tsire a takarda, ya ture hannuna da na kai aljihu. Ya ce, “Marar lafiya a lokanda? Haram, ya Hajj. Kawuna yana Aljirif, yana da ɗaki. Gobe in na tashi zan kai ku.”

Aljirif a bakin kogi take, gabas da gari. Tun daga nesa za ka hango hayaƙin wuraren gasa jan bulo, ga gonakin ganye a gefen ruwa. Kawun nasa, Hajj Abakar, sana'arsa ke nan, yana da ma'aikata suna kwaɓa laka da kashin shanu suna zubawa a ma'auni suna shanyawa. Gajere ne, kakkaura, muryarsa kamar yana kiran wani a tsallaken kogi. A Sudan aka haife shi, aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso aikin hajji a ƙafa, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, guzurin bai taru ba har ya mutu.

Aka shimfiɗe Baba a kan angareb, gadon igiya, a inuwar dogonyaro. Hajj Abakar ya tsuguna ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Malam daga wane gari?”

“Haɗeja.”

Sai mutumin nan ya miƙe tsaye ya tafa hannu. “Allahu akbar! Sakina! Ke Sakina, fito ki gani! Kakana ya bar Katsina ya bar bayinsa a baya, yau ga Allah ya aiko mini ɗaya har gida, a jirgin sama!”

Bai taɓa ganin Katsina ba, ko a hoto. Amma wasan Katsinawa da Haɗejawa ya ƙetaro hamada a bakin kakansa, an ajiye shi a gidan nan kamar tsohuwar tukunya, ba a samu wanda za a yi da shi ba sai yau. Na ji tsoro, don Baba ba mutum ne mai wasa ba. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ɗago kai ya dubi Hajj Abakar ido cikin ido, abin da ban ga ya yi wa kowa ba tun fitowarmu, ya ce:

“Ashe har nan kuka gudo. Me kakan naka ya sata?”

Daga ranar nan, jinya ta fita daga hannuna. Hajj Abakar ne ke saɓa shi a kafaɗa ya kai shi makewayi, yana faɗin, “Kayana ne, ni zan wanke abina, kada ya lalace in rasa mai saye.” Baba yana ce masa gafiyar Katsina. Matarsa Hajja Sakina tana tuƙa mana asida, tuwonsu na can, ta yi miyar kuka don mu ji kamar gida. Kukar ta yi, amma babu daddawa, sai miyar ta zama kamar mutumin da ka sani ya aske gemu. Na ci na gode. A nan ne kewar gida ta fi kama ni, a bakin kwanon da ya kusa zama namu bai zama ba.

Bayan 'yan kwanaki Hajj Abakar ya ja ni zuwa wurin bulo, inda ƙarar injin ban ruwa za ta rufe maganarmu.

“Ya Hajj, mutumin nan ba ya sha. Na kai masa shayi da madara, ya ce ya ƙoshi. Wa ke ƙoshi da shayi? Ga randa a kusa da kansa, ko kofin bai taɓa ba. Kuma ni ke wanke wandonsa. Wannan abu ba jiya ya fara ba. Diktor ya san da shi?”

Na ce likita ya yi tambaya.

“Ya tambaya, sai aka ce masa me?”

Na gaya masa yadda na fassara. Ya dube ni, yana murza laka a yatsunsa.

“Ya salam. Kai ka kai buhu kasuwa ka hana a zura masa bututu, sannan kana mamakin an yi masa kuɗin banza.” Ya goge hannu a jallabiyya. “Ba laifinka ba ne. Da surukina ne ni ma da haka zan yi. Amma wannan ba surukina ba ne, bawana ne.”

Hajj Abakar ya san wani babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wanda ya taɓa sayen bulo a wajensa lokacin da yake gini. Dakta Attayib, dattijo siriri mai furfura, yana aiki a asibitin gwamnati da safe, yana ganin mutane a wani ƙaramin ɗaki a Umdurman bayan la'asar. Muka shiga mu uku. Ya jera hotunan Kano a jikin fitila, ya daɗe a kansu. Ya tsikari ƙafafun Baba da tsinke tun daga yatsu yana hawa sama, yana tambayar inda ya fara ji. Da ya ji labarin ƙarin ruwan da abin da ya biyo baya, sai ya ajiye alƙalami. Ya dube ni ya yi tambayar nan, kusan kalma da kalma irin ta likitan farko.

Na juya wajen Baba. Na san abin da ya kamata in faɗa, na shirya shi tun a mota. Sai na sake sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Hajj Abakar ya kama hannun rigata ya tashe ni tsaye.

“Fita ka sha shayi, ya Hajj. Manya za su yi magana.”

A ƙofar akwai mace mai shayi da 'yan kujerunta na ƙarfe. Na zauna ta haɗa mini da na'ana'a. Ta tagar ɗakin ina jin muryar Hajj Abakar sama-sama, “Faɗi gaskiya, tsohon banza, ko in faɗa maka!” Sai muryar Baba ƙasa-ƙasa, doguwar magana, wadda ban taɓa jin ya yi irinta ba. Na matsar da kujerata gaba don kada in ji. Har na sha kofi na biyu ba su gama ba.

Da aka turo Baba waje, likitan ya kira ni ni kaɗai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce matsalar tsarki ta riga nauyin ƙafa bayyana, tsohon ya ɓoye ta. Sannan akwai abin da ko 'ya'yansa bai gaya wa ba. Ƙafafun sun fi mutuwa ne daidai lokacin da ya gama kiran salla. Idan ya cika ƙirji ya ja murya, kafin ya sauke hannu daga kunne sai gwiwoyi su saki, sai ya zauna ya huta su dawo. Ya yi shiru da maganar ne don ya san abin da unguwa za ta ce: ladanin da kiran salla ke kayar da shi, ai aljani ne, ko kuwa akwai abin da ya aikata.

Likitan ya ce, “Ni wannan ce maganar da ta fi mini amfani. Kai manomi ne?”

Na ce ɗan fadama ne ni, ko da yake saye nake yi.

“To ka san hanyar da ke kawo ruwa gona, da wadda ke fitar da shi. Laka ma haka take, akwai jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi, akwai mai kwashe shi a hankali. A bayan surukinka, a wani wuri da bai fi bakin allura ba, mai kawowa ta ɓalle ta shiga mai kwashewa kai tsaye. Magudana ta cika, gona ta kasa tsanewa. Shi ne kumburin da kuka gani a Kano. Duk abin da zai sa mutum ya yi yunƙuri, tafiya, ɗaukar kaya, jan murya, ƙara cika magudanar yake yi. Ciwo ne da ba a cika gani ba, likita sai ya yi shekaru bai haɗu da shi ba. Maganin da aka ɗura masa magani ne na gaske, amma na wani ciwon ne mai kama da wannan a hoto. Shi wannan ƙara masa ruwa yake yi.”

Na ce, “Ana toshewa?”

“Idan an gano wurin. Nemansa shi ne aikin.”

Aka sake ɗaukar hoto a na'urar da ake tura mutum ciki kamar ana sa burodi a tanda. Likitan ya nuna mini wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a bayan lakar, jere kamar tsutsotsi, ya ce jijiyoyin da suka cika ke nan. Saura gastara, wato a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya a tura shi sama, a bi ƙananan jijiyoyin ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, ana fesa ruwan da ke fitowa a hoto, har a ga wadda ke yoyo. Na'urar tana wani asibiti a Bahri, ƙetaren kogi, kuma muka tarar ana jiran kayan aikinta daga waje. Muka yi ta jira. A gida kakar riɗi ta shigo, abokan ciniki suna kira suna tambaya ko na daina sana'a ne. Na ce su saya, Allah ya sa albarka.

Da kayan suka iso aka shiga nema, ranar farko ba a samu wurin ba. An bi jijiyoyin da ke daidai kumburin duka, babu komai, tsohon ya gaji da kwanciya, aka dakata. Na tambayi likitan ko dai ba ciwon ba ne. Ya ce inda ruwa ya kwanta ba lallai nan ne bakin ɓaraka ba. A zuwa na biyu suka sauka ƙasa, can wajen ƙugu ta hagu, suka same ta. Ya nuna mini a allo: wani zare siriri, ruwan ya bi ta cikinsa ya watsu sama. Abin da ya kwantar da mutum ya raba shi da masallacinsa, bai kai zaren buhu kauri ba.

Ya ce hanya biyu ce. Ana iya tura wani irin danƙo ta bututun a liƙe wurin, amma ba koyaushe yake kamawa ba, wani lokaci yoyon ya dawo. Ko kuma a buɗe baya a ɗaure jijiyar a yanke, wanda shi ne aikin hannunsa, kuma ya fi amincewa da shi. Baba ya sa Hajj Abakar ya yi masa tambaya ɗaya tak:

“Zan tsaya?”

Likitan ya ce ba zai yi alkawari ba. Abin da ya tabbata shi ne lalacewar za ta tsaya inda take. Ƙafa takan dawo, wani da yawa, wani kaɗan. Ɗaya matsalar ta fi taurin kai, kuma an daɗe. Na ji daɗin wannan amsa. Wanda ya gaya maka aibin kayansa kafin ka biya, da shi ake ciniki.

Aka ce sai dangi sun ba da jini kafin a shiga tiyata. Ni kaɗai ne dangi, jinina kuma bai isa ba. Da safe sai ga motar ɗaukar bulo ta tsaya a ƙofar asibiti, ma'aikatan Hajj Abakar suka diro daga baya, ƙafafunsu da busasshiyar laka. Wasunsu ko Hausa ba sa ji. Suka ba da jini, suka sha lemo, suka koma aiki. Na bi su da abin da na ga ya dace, babbansu ya ɓata rai ya ce, “Aib, ya Hajj,” wato abin kunya ne. Na mai da hannuna aljihu.

Tiyatar ba ta daɗe yadda na zata ba. Bayanta ne aka daɗe. Babban yatsan ƙafar dama ne ya fara motsi, Hajj Abakar ya zagaya unguwa yana shelar bawansa ya fara biyan kuɗin abincin da ya ci. Aka koya mana motsa ƙafafun da miƙe su. Da muka koma Aljirif ya ɗaura igiya daga dogonyaro zuwa turken rumfa, Baba yana riƙe ta yana jan ƙafa, shi yana biye da shi yana tsokana. “Haka ake tafiya a Haɗeja? Shi ya sa ba ku taɓa isowa ko'ina ba.” Daga igiya aka koma sanduna biyu, daga biyu aka koma ɗaya. Ƙafar hagu ba ta dawo daidai ba, yana jan ta har yau. Ya koma shan shayi, kofi ɗaya da safe.

Batun ɗaya matsalar kuwa, ban san inda ta tsaya ba. Likita ya sani, Hajj Abakar ya sani. Ni ba a gaya mini ba, ban kuma tambaya ba.

Akwai ɗan masallaci a bakin wurin bulo, na jan bulon da ya fashe ba a sayar ba, ba shi da lasifika. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofarsa, rana ta faɗa bayan hayaƙi, mai kiran sallarsu bai dawo daga gari ba. Hajj Abakar ya dubi sama, ya dubi Baba.

“Kai, tsoho. An ce wai ladan ne kai a garinku. Ni dai ban taɓa ji ba. Ko ƙaryar Haɗejawa ce?”

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya kalli sandarsa. Sannan ya dafa ta ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa kusurwar masallacin, ya fuskanci alƙibla, wadda a can arewa maso gabas take. Ya jingine sandar a bango. Na tashi zan matsa kusa, Hajj Abakar ya riƙe mini riga.

Baba ya ɗaga hannu biyu zuwa kunne ya cika ƙirji. Muryar ta fito a shaƙe da farko, daga baya ta buɗe, irin jan da ake yi a garinmu, wanda na tashi ina ji tun ban san zan auri 'yarsa ba. Mutanen da ke wanke ƙafa a bakin randa suka ɗago kai. Ni ban saurari kiran ba, gwiwoyinsa nake kallo ta cikin jallabiyyar da aka ara masa. Ya kai ƙarshe, ya sauke hannu. Ya tsaya a wurin, bai nemi sandar ba, ya karanta addu'ar bayan kiran salla har ya shafa, yana tsaye.

Hajj Abakar ya share fuska da gefen rawani ya ce, “Ba laifi. A Katsina yara ma sun fi haka, amma ba laifi.”

Bayan an idar da salla muka fito. Ina tsaye dab da Baba, kafaɗata kusan tana taɓa tasa, ina riƙe da takalmansa. Ya juya wajen Hajj Abakar ya ce:

“A gaya wa Alhaji ya nema mana jirgi.”

Hajj Abakar ya juyo gare ni, ya gyara murya kamar mai isar da saƙo daga wani gari.

“Ya Hajj, wai ka nema muku jirgi.”

Na ce, “A gaya masa na ji.” Na sunkuya na ajiye masa takalman a gabansa.